Lokacin da Teku ce Abokiyar Karawa: Tambayoyi da Amsoshi kan Tseren Jiragen Ruwa Masu Gudu

Tsoffin matuƙa da makanikai na Florida, da kudancin Ingila, da gaɓar Italiya, zancensu ɗaya ne da zarar an taɓo tseren jiragen ruwa: wai na da shi ne tsere, na yanzu kewaye ne kawai. Wanda bai san wasan ba zai ji abin banbaraƙwai, domin jiragen yau sun fi na da gudu nesa ba kusa ba. To me ake kewa?

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Tsere ne na jirage masu manyan injina a buɗaɗɗiyar teku, inda babu abin da ke tare igiyar ruwa. Kada mai karatu ya kawo tseren kwale-kwale na Argungu a ransa, inda damtse da filafili ke aiki, 'yan kallo kuma na ganin komai daga bakin kogi. A nan jirgi ne mai tsawon ƙafa 30 zuwa 50, da inji biyu ko uku ko huɗu, ya bar wani gari ya nufi wani, ko ya zagayo wani tsibiri ya dawo. A asalin wasan, minti kaɗan da tashi jiragen sun ɓace wa ido. Sai a zauna a tasha a kasa kunne ga rediyo, a jira a ga wanda zai fara ɓullowa, in ma zai ɓullo.

Daga ina abin ya faro?

An yi tsere a teku tun farkon ƙarni na 20, amma wasan da ake kewarsa ya soma ne a 1956, da tseren Miami zuwa Nassau, babban birnin Bahamas. Tafiyar mil 184 ce, kusan kilomita 300, kuma dole a ƙetare Gulf Stream, wani ƙaƙƙarfan kwararon ruwa da ke gudu arewa a cikin tekun Atlantika. Idan iska ta taso daga arewa ta yi karo da shi, igiyoyi kan miƙe tsaye, kusa da kusa, kamar kunyoyin gona. Sam Griffith ne ya ci tseren farko, bayan sama da awa 9 ana dukan ruwa. Ya rasu a 1963, kuma sunansa aka sa wa kofin duniya.

Daga nan abin ya haura Turai. Max Aitken, ɗan mai jaridar Daily Express ta Landan, ya kafa tseren Cowes zuwa Torquay, a gaɓar kudancin Ingila, a 1961, Tommy Sopwith ya ci shi da jirginsa Thunderbolt. A 1962 Italiyawa suka fito da nasu, daga Viareggio zuwa Bastia a tsibirin Kosika, a kuma dawo. A 1964 aka naɗa zakaran duniya na farko, injiniya Jim Wynne na Amurka.

Me ya sa sunan Moppie ba ya fita daga bakin masu ba da labarin?

Saboda shi ya canza yadda ake ƙera jirgi mai gudu har yau. Kafinsa, ƙasan irin waɗannan jirage kusan shimfiɗe yake ta baya. A kwantaccen ruwa suna tashi kamar tsuntsu, amma da igiya ta taso sai su riƙa faɗuwa da ciki, tim, tim, har katako ya tsage, mutanen ciki su ji a ƙashin bayansu. Wani mai zana jirage, Ray Hunt, ya zana ƙasa mai tsini kamar harafin V tun daga hanci har ƙarshen jirgin, ta yadda zai riƙa yanka igiyar maimakon marinta. Dick Bertram, dillalin jirage a Miami, ya sa aka ƙera masa ɗaya mai ƙafa 31, ya raɗa masa laƙabin matarsa, wato Moppie. A tseren Miami zuwa Nassau na 1960, ranar da teku ta tashi da fushi, Moppie ya isa cikin awa 8, ya bar na bayansa da tazarar sa'o'i.

A yi lissafi: mil 184 cikin awa 8, mil 23 ke nan a awa ɗaya. Ko mai Keke Napep ba zai kira wannan gudu ba. Amma a cikin wannan ruwa, a wannan rana, abin al'ajabi ne, kuma Bertram ya gina kamfani guda a kan wannan nasara.

Mutum nawa ne a cikin jirgin, kuma me kowa ke yi?

A zamanin da ake magana, galibi uku ne, a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa cikin ɗan gurbinsa da aka yi wa katifa a baya da gefe. Ba a zama, domin gwiwa ce ke shanye faɗuwar jirgi. Babu rufi, babu bel. Hular kwano ce da rigar ceto, sai wata igiya da aka ɗaura a jikin mutum wadda za ta kashe inji idan ruwa ya cillo shi waje.

Na farko matuƙi, mai riƙe da sitiyari, sau da yawa kuma shi ne mai jirgin, mai biyan kuɗin komai. Na biyu mai duba hanya, da kamfas da taswira da agogo, yana lissafin inda suke a wurin da ko ta ina ka duba ruwa ne. Kafin zuwan GPS, kuskuren digiri biyu ko uku na iya sa jirgin da ke kan gaba ya wuce alamar juyawa bai gan ta ba, ya yi ta zabga gudu zuwa inda babu kowa.

Na uku shi ne mai totur, kuma masu wasan sun san shi ne ainihin gwanin. Dalili shi ne jirgin yana yawan barin ruwa gaba ɗaya. Da ya tashi sama farfela ba ta da abin cizo, in aka bar totur a buɗe injin zai yi ƙara ya wuce iyakarsa, ya fashe ko ya karya sandar farfela lokacin sauka. Don haka hannun mai totur ba ya hutawa: ya ja baya daidai lokacin da jirgi ya rabu da ruwa, ya tura gaba daidai lokacin da farfela ta sake nutsewa. Idonsa na kan igiya ta uku ko ta huɗu a gaba, kunnensa na kan injin, ɗaya hannun yana gyara kwanciyar hancin jirgi. Sau ɗaruruwa zai yi haka a tsere ɗaya, ba kuma magana ake ji ba saboda ƙarar injina, sai dai a daki cinyar juna ko a yi nuni da yatsa. Mai jirgi ne ke ɗaga kofi a hoto. Mai totur kan tsaya a gefe, da man inji a farce.

Waɗanne shekaru ne ludayin wasan ke kan dawo?

Ya danganta da wanda ka tambaya. Ingilishi zai ce daga 1961 zuwa tsakiyar shekarun 1970, lokacin dogayen tafiye-tafiye: zagayen Birtaniya na 1969, wanda ɗan tseren mota Timo Mäkinen na Finland ya ci, da tseren Landan zuwa Monte Carlo na 1972, mai tsawon sama da mil 2,000. A irin waɗannan za ka ga jirgin tsere na gaske a layi ɗaya da jirgin shan iska na wani iyali, da gadajensa da madafarsa, kuma idan ruwa ya ɓaci ba abin mamaki ba ne na iyalin ya riga shi isa.

Ba'amurke zai fi karkata ga shekarun 1970 da 1980: Rocky Aoki mai gidajen abinci na Benihana, Al Copeland mai kajin Popeyes da manyan jiragensa da jiragen sama masu saukar ungulu, 'yan fim irin su Don Johnson da Chuck Norris a bakin sitiyari, da cincirindon jama'a a Key West, tsibirin da ke ƙarshen kudancin Florida. Ba'italiye kuwa zai ce ƙarshen shekarun 1980 ne, lokacin da attajiran Milan da Turin suka cika layin tashi.

Duk ukun sun haɗu a kan cewa wajen 1990 ne labule ya soma sauka.

Wane ne Don Aronow?

Ɗan Brooklyn ne da ya tara dukiya a harkar gine-gine a New Jersey, ya koma Miami a farkon shekarun 1960 da nufin hutawa, hutun bai karɓe shi ba. Ya kafa kamfanin jirage na Formula ya sayar, ya kafa Donzi ya sayar, ya kafa Magnum ya sayar, sannan Cigarette. Dabararsa ɗaya ce: ya ƙera jirgi, ya ci tsere da shi, ya sayar da kamfanin, ya buɗe sabo a maƙwabta, ya ƙera wanda zai kayar da na farkon. Duk a kan titi ɗaya ya yi wannan, titi na 188 da ke arewacin Miami, wanda ya yi suna da Thunderboat Row. Ya ci kofin duniya a 1967 da 1969. Sunan Cigarette ya bi jiragensa har ya zama sunan duk wani dogon siririn jirgi mai gudu, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo.

Masu sayen jiragensa sun haɗa da sarakuna da shugabanni. George Bush babba, tun yana mataimakin shugaban ƙasa, abokinsa ne kuma yana da Cigarette nasa. Masu fasa-ƙwauri su ma sun saya. Daga baya Aronow ya ƙera wa hukumar kwastan ta Amurka jiragen Blue Thunder don kama su. Ya ba ɓarawo ƙafa, ya ba mai kaya sanda.

Ranar 3 ga Fabrairun 1987 aka harbe shi a cikin motarsa, da rana tsaka, a kan wannan titi nasa. Shekarunsa 59.

Da gaske ne kuɗin ƙwaya ya shiga wasan?

Da gaske ne, kuma kotu ta tabbatar. Jirgin da zai iya ƙetare Gulf Stream cikin ɗan lokaci ya dawo, shi ne daidai abin da mai kawo tabar wiwi ko hodar iblis daga Bahamas ke nema. Ben Kramer, na jiragen Apache, zakara ne a tsakiyar shekarun 1980, kuma an yanke masa ɗaurin rai da rai kan safarar wiwi. A 1989 aka yi yunƙurin fitar da shi daga kurkuku da jirgi mai saukar ungulu, jirgin ya faɗi a harabar gidan yarin. A 1996 bai musanta tuhumar hannu a kisan Aronow ba. Tushen rigimar cinikin wani kamfanin jirage ne a tsakaninsu.

Masu kewar wancan zamani kan ba da wannan labari da ɗan murmushi, kamar wani ado ne ga wasan. Amma shi ya sa manyan kamfanoni masu tsoron sunansu suka soma ja da baya.

Akwai mata a ciki?

Akwai Betty Cook, kuma ba don cika lissafi ta shiga ba. Ta yi karatu a jami'ar MIT ta Amurka, ta haura shekara 50 kafin ta ci kofin duniya a 1977, ta sake ci a 1979, tsakani kuma ta zama mace ta farko da ta ci tseren Cowes a 1978. Sunan jiragenta Kaama.

Me ya sa ake girmama Fabio Buzzi haka?

Domin wannan Ba'italiye shi ne injiniyan, shi ne mai ƙera jirgin, shi ne kuma mai tuƙawa. Lokacin da kowa ya yarda cewa injin fetur ne na tsere, dizal na jirgin kamun kifi, Buzzi ya ɗora injinan dizal huɗu na Seatek a kan jirginsa Cesa 1882, ya share kusan duk tseren 1988 har da kofin duniya. Shekara 20 bayan haka ya dawo da wannan tsohon jirgi da sabon suna, Red FPT, ya ci tseren Cowes na 2008. Ya rasu a watan Satumbar 2019 yana da shekara 76, lokacin da jirginsa ya daki katangar ruwa a mashigar Venice da daddare, a ƙarshen wata tafiyar kafa tarihi daga Monte Carlo.

To mene ne ya fara karya wasan?

Gudu ya yi yawa. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka koma ga katamaran, jirgi mai tagwayen ƙasa da rami a tsakiya. Iska na shiga ramin ta ɗaga jirgin, ɗan wuri kaɗan ke taɓa ruwa, sai gudu ya haura mil 100 a awa. Matsalar ita ce abin da ke ɗaga shi shi ne ke kifar da shi. Hanci ya ɗan ɗaga fiye da kima, iska ta cika ramin, sai jirgin ya tashi ya juya da baya. Ko kuma hancin ya soke igiyar da ke gaba, ruwa ya afka wa mutanen ciki da ƙarfin da bai da bambanci da bango. Kuma har lokacin babu rufi.

Ranar 23 ga Agustan 1987, Didier Pironi, tsohon matuƙin Ferrari a tseren mota na Formula 1 wanda ya bar mota bayan ya ragargaza ƙafafunsa a 1982, ya hau igiyar da wani jirgin dakon mai ya bari kusa da tsibirin Wight na Ingila. Jirginsa Colibri ya kife, ya mutu tare da abokan tafiyarsa biyu. Ranar 3 ga Oktoban 1990, Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako kuma zakaran duniya na 1989, ya mutu yana kare kambinsa a ruwan da ke kusa da gidansa. Shekarunsa 30, da 'ya'ya uku ƙanana. Wannan mutuwa ta girgiza Turai fiye da duk na baya, domin hoton gimbiyar cikin baƙaƙen kaya ya shiga kowace jarida. Attajirai da dama iyalansu sun ce ya isa haka.

Don me aka bar buɗaɗɗiyar teku aka dawo bakin gaɓa?

Abu ɗaya ne ya jawo wani. Don kare rai aka rufe mazaunin matuƙa, da farko ma da murafun jiragen yaƙi na F-16, aka zaunar da su a kujera, aka ɗaure su da bel, aka ba su tulun iskar shaƙa. Amma mutumin da aka ɗaure cikin rufaffen akwati, idan jirgi ya kife, yana buƙatar mai ninƙaya ya iso shi cikin 'yan mintuna. Ba za a iya yi masa wannan alƙawari yana mil 50 daga ƙasa ba. Dole aka gajarta filin, aka mai da shi zagaye na 'yan mil kaɗan, jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama da 'yan ceto a shirye.

Masu ɗaukar nauyi su ma haka suke so. Wanda ya biya kuɗi aka rubuta sunansa a jikin jirgi yana so jama'a da kyamara su gan shi sau goma, maimakon sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma. Tun da an dawo kusa da gaɓa, ruwa ya fi kwanciya, katamaran ya ƙara samun yadda yake so, jirgi mai ƙasan V ya rasa ranarsa. Mai duba hanya kuwa, wa ke buƙatarsa a filin da ake ganin duk alamominsa da ido? Aka sauke shi, ma'aikatan jirgi suka koma biyu.

Ina batun kuɗi?

Wasan bai taɓa ciyar da kansa ba. Kuɗin da ake ba wanda ya ci ba ya biyan gyaran inji, kuma babu ƙofar da za a sa wa teku a karɓi kuɗin shiga. Aljihun attajirai da tallan taba da giya ne suka riƙe shi. Dokoki sun kori tallan taba daga wasanni. A 1991 Amurka ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 100,000 na kuɗin sabon jirgi, kuma kafin a soke shi a 1993 masana'antar ta ji jiki. Tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, kamfanin ƙera jirage na Fountain, ɗaya daga cikin manyan masu zuba kuɗi a tsere, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a shekarar da ta biyo.

Sai rabuwar kai, wadda a ganina ta fi haraji ɓarna. A Amurka masu shirya tsere sun dare gida-gida, kowa da ƙungiyarsa da dokokinsa da zakaransa na duniya. Aka kuma yayyanka rukunan jirage ƙanana-ƙanana don kowane mai kuɗi ya samu kofin da zai kai gida. Ɗan kallo na tsaye a bakin ruwa, jirage iri biyar na wucewa lokaci guda, bai san wa ke tsere da wa ba. Wanda kuma ya sayi jirgi mai gudu don nishaɗi ya gano zai iya shiga tafiyar ayari ta ƙarshen mako, ya yi gudunsa da abokansa, babu alƙali babu karya inji.

Ba Larabawan yankin Gulf sun ceto shi ba?

Sun riƙe shi na wani lokaci. Daga 1992 aka mai da kofin duniya na Class 1, wato babban rukunin wasan, jerin tsere a ƙasashe daban-daban, ƙungiyar Victory ta Dubai ta zama babbar giwa, Katar ta shigo, Spirit of Norway ta Bjørn Gjelsten da Steve Curtis na ja da su. An ga jirage masu injinan Lamborghini suna wuce kilomita 250 a awa. Sai dai ƙungiyar da gwamnati ke biya wa kuɗi ba sa'ar mai kamfanin tayil daga Italiya ba ce, kuma sannu a hankali layin tashi ya riƙa raguwa. Murfi ma bai kawo ƙarshen mutuwa ba: matuƙan Victory biyu sun mutu a Dubai a Disambar 2009, wasu 'yan tsere uku kuma a Key West a Nuwambar 2011.

Masu kewar nan suna da gaskiya, ko tsufa ne kawai?

Suna da rabin gaskiya, kuma rabin mai nauyi ne. A da, tambayar da tsere ke yi ita ce wa zai isa. Jirgi mafi gudu na iya karyewa a mil 40, mai haƙuri da ya karanta ruwa daidai ya zo ya wuce. Abokan hamayya kan tsaya su ciro wanda ya nutse, su yi asarar tseren. Yanzu tambayar ita ce wa ya fi iya shan kwana, kuma wannan tambaya tseren mota ya fi iya amsa ta. Da aka janye teku daga lissafi, an janye abin da ya bambanta wasan da sauran.

Ɗaya rabin shi ne masu ba da labarin su ne waɗanda suka tsira. Rocky Aoki ya kusa mutuwa a mashigin San Francisco a 1979. Tom Gentry, zakaran 1976, ya kife a Key West a 1994, bai farfaɗo daga dogon suma ba har ya rasu a 1998. Ba na jin akwai matar matuƙi ɗaya da ke son a cire murfin nan.

Me ya rage yanzu?

Tseren Cowes zuwa Torquay da dawowa na nan, ana yinsa a ƙarshen Agusta, kuma shi ne ya fi kusa da yadda abin yake a da. Key West na cika kowace Nuwamba. An farfaɗo da Class 1 da doka mai sauƙi: kowa ya yi amfani da inji iri ɗaya na Mercury Racing, mai ƙarfin doki 1,100, don kada mai kuɗi ya saye nasara a shagon makaniki. A Italiya da Ingila akwai masu neman tsoffin Bertram da Cigarette su gyara, su mayar musu da fenti da lambar da suka yi tsere da ita.

Titi na 188 kuwa, masu gine-gine sun saye filayen, an rushe kusan duk rumfunan ƙera jirage, an jera dogayen benaye na zama. A mashigin ruwan da ake gwada sabbin injina a da, yanzu akwai dokar tafiya a hankali, kada jirgi ya tayar da igiya.